Nazarin Lamari: Kamfanin Osiloskop na Oregon da Sauyin Zamanin Dijital

Wannan nazari ya bi sawun kamfani guda ne a jihar Oregon ta Amurka, wanda ya shafe kusan shekara talatin yana riƙe da ragamar kasuwar osiloskop ta duniya, sannan aka wayi gari abin da ya fi kowa iyawa ba shi kasuwa ke nema ba. Ba a kama sunansa ko sunayen shugabanninsa ba, kamar yadda aka saba a irin wannan rubutu. Kamfanonin da suka yi gogayya ko ciniki da shi kuwa an ambace su.

Asali: 1945 zuwa 1947

Osiloskop na'ura ce da ke zana wutar lantarki a kan allo. Mitar da mai gyara ke riƙewa lamba ɗaya take ba shi, ta ce ƙarfin wutar kaza ne. Shi kuwa osiloskop yana nuna yadda ƙarfin ke hawa da sauka, ko da abin ya faru ne cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Mai ƙera rada ko talabijin ko kwamfuta ba shi da wata hanyar ganin abin da ke gudana a cikin wayoyinsa sai ta wannan na'ura. A wancan zamani zuciyarta wata doguwar kwalba ce da aka zuƙe wa iska. Daga gindinta ake harba siririn tsinken ilektron, ya sauka a fuskarta da aka shafe da sinadarin fosfo, inda ya taɓa ya haska. Ita ce za a riƙa kira kwalbar allo a nan.

Mutum huɗu suka kafa kamfanin a birnin Portland a watan Disamba na 1945, kowannensu ya zuba dala 2,600. A 1946 suka sauya masa suna, saboda na farkon ya yi kama da na wani kamfani a Kalifoniya. Biyu daga cikinsu ne ginshiƙai. Ɗaya ya gama karatun fiziks a kwalejin Reed a 1936, ya yi aikin rada da rundunar sadarwa ta sojan Amurka a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗayan mai shagon rediyo da kayan lantarki ne, kuma a shagonsa na farkon ya yi gyaran rediyo kafin yaƙi.

Yawancin osiloskop na lokacin suna da aibi biyu. Tsinken ilektron yana share allo daga hagu zuwa dama ba tsayawa, sai mai aiki ya yi ta murɗa maɓalli har gudun sharar ya dace da siginar, in ba haka ba zanen ya yi ta zamewa. Na biyu, ko zanen ya tsaya, siffa kawai kake gani, ba ka san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Samfurin farko na kamfanin, mai lamba 511, wanda ya fito a 1947, ya zo da kunama: tsinken yana jira har siginar ta kai matakin da aka saita, sannan ya taso. Ba su suka ƙago dabarar ba, masu aikin rada sun riga sun san ta. Abin da suka yi shi ne haɗa ta da ma'aunin lokaci da aka daidaita, ta yadda kowane gida a kan allo yana da ƙimarsa sananniya. Na'urar tana bin sigina har megahaz 10, wato kaɗawa miliyan 10 a daƙiƙa. Kuɗinta dala 795, kusan ninki biyu na makamanciyarta daga DuMont, wanda shi ne babba a kasuwar. Duk da tsadar, ɗakunan bincike suka saya, domin yanzu awo suke yi, ba kallo ba.

Komai a cikin gida: 1951 zuwa 1969

Ba a daɗe ba kwalbar allo ta zama ƙarfen ƙafa. Daga RCA da DuMont ake sayo ta, ingancinta ba ya zama ɗaya daga kwali zuwa kwali, ga shi DuMont abokin hamayya ne. A farkon shekarun 1950 kamfanin ya yanke shawarar ƙera tasa. Aiki ne mai wuya, da ya haɗa sarrafa gilashi, haɗa sinadarai da zuƙe iska, amma ya yi nasara, kuma ya ba shi abin da wasu ba su da shi: injiniyan da ke zana na'ura yana iya zuwa wajen mai zana kwalba ya ce ga irin wadda yake so, a yi masa.

Daga nan abin ya zama ɗabi'a. Kamfanin ya riƙa naɗa taransifomominsa, yana gasa sandunan tangaran da ake jera ƙananan kayan lantarki a kai, daga baya har jikin kwalbar ya koma yi da tangaran, ya buɗe masana'antar allunan da'ira, sannan ta cip, wato ɗan guntun silikon da ake matse da'irar lantarki a cikinsa. A 1956 ya sayi fili mai eka 313 a Beaverton, yamma da Portland, inda duk waɗannan masana'antu suka taru wuri guda.

A 1954 jerin 530 ya zo da wata dabara: ɓangaren da ke karɓar sigina ana zaro shi kamar aljihun tebur a cusa wani, don haka na'ura ɗaya tana yin ayyuka iri-iri. Samfurin 545 na 1955, mai megahaz 30, ya yaɗu a ɗakunan bincike har wasu kamfanoni, irin su Hickok da Lavoie, suka kwaikwaye shi suna sayar wa sojan Amurka. Kamfanin ya kai gwamnati ƙara a 1961, ya kuma yi nasara, ko da yake sai ƙarshen shekarun 1970 aka kammala batun diyya. A 1965 ya fitar da 453, mai megahaz 50, wanda aka yi shi daidai bukatar masu gyaran kwamfutocin IBM, ƙarami har ya shiga ƙarƙashin kujerar jirgin sama.

Ta fuskar ma'aikata, ana raba riba da kowa, ana kiran manya da sunayensu na yanka, kuma maimakon dillalai injiniyoyi ake turawa wajen masu saye. An buɗe masana'anta a tsibirin Guernsey a 1958, wata a Heerenveen ta ƙasar Holan a farkon shekarun 1960, an fara sayar da hannun jari ga jama'a a 1963, an kuma kafa kamfanin haɗin gwiwa da Sony a Japan a 1965.

Ƙololuwa: 1970 zuwa 1981

Tun 1962 injiniyoyin kamfanin suka samar da kwalba mai riƙe hoto: abin da tsinken ya zana sau ɗaya yana nan a allo har a goge. An yi ta ne don kama siginar da ke wucewa sau ɗaya tak, amma sai ta buɗe wata kasuwar daban. A farkon shekarun 1970 ma'adanar kwamfuta tana da tsada ƙwarai, kuma allon da zai nuna zane sai an tanadar masa ma'adana mai yawa don a riƙa sabunta hoton. Wannan kwalba ba ta bukatar haka, ita ke riƙe hotonta. Allon zane na kwamfuta mai lamba 4010, wanda kuɗinsa bai kai dala 4,000 ba, da babban wansa 4014, suka mamaye jami'o'i da ofisoshin zanen injiniya.

A 1971 ɗaya daga cikin ginshiƙan biyu, mai shagon rediyon, ya rasu a hatsarin ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa a kogin Columbia. Ɗayan ma ya janye daga gudanarwar yau da kullum ba da jimawa ba. A 1974 kamfanin ya sayi Grass Valley Group, mai ƙera kayan gidajen talabijin. A 1979 ya fitar da 7104, osiloskop mai gigahaz 1, wato kaɗawa biliyan 1 a daƙiƙa, wanda wata kwalba ta musamman mai ninka hasken tsinken ta sa ya yiwu. A 1981 cinikin shekara ya haura dala biliyan 1, ma'aikata suka wuce 24,000 a duniya, kuma babu kamfani mai zaman kansa da ya kai shi yawan ma'aikata a Oregon.

Farkon matsala: 1979 zuwa 1985

Ba rana ɗaya abin ya fara ba, kuma ba ta ƙofa ɗaya ya shigo ba.

Da farko farashin ma'adanar kwamfuta ya yi ta faɗuwa. Da ya faɗi, allon da ke sabunta hoto layi-layi irin na talabijin ya zama mai araha, kuma yana da launuka, yana motsi, ana iya goge wani yanki a bar saura. Kwalba mai riƙe hoto kore kawai take nunawa, kuma in za a gyara layi ɗaya sai an goge allon gaba ɗaya. Cikin 'yan shekaru dalilin sayen ta ya gushe.

Irin wannan sauyi ya doshi osiloskop ɗin kansa. Na dijital ba ya barin sigina ta tuƙa tsinken ilektron kai tsaye. Yana ɗaukar samfurin siginar sau miliyoyi a daƙiƙa, ya mayar da kowanne lamba, ya adana, sannan ya zana daga abin da ya adana. Da haka ana iya ganin abin da ya faru kafin kunama ta ɗana, ana iya tsayar da siginar da ta wuce sau ɗaya a yi ta dubawa, na'urar ta yi lissafi da kanta, ta kuma miƙa sakamakon ga kwamfuta. Wahalar aikin ta tashi daga kwalba ta koma kan cip mai mayar da sigina lamba, da ma'adana, da manhaja. Allon kansa ya zama kayan da kowa zai iya sayowa.

Na dijital na farko-farko suna da nasu lahani, kuma injiniyoyin kamfanin sun san su ciki da waje. Suna jinkirin sabunta hoto, don haka ɓarakar da ke zuwa jefi-jefi takan wuce ba a gani ba. In saurin ɗaukar samfuri bai kai ba, sukan zana siffar ƙarya da ba ta cikin waya. Ga maɓallai da jerin umarni masu rikitarwa. Na analog kuwa, wato na gargajiya da sigina ke tuƙa tsinkensa kai tsaye, yana nuna inda sigina ta fi yawan bi da haske mai ƙarfi, inda ta bi sau ɗaya da haske dishi-dishi, kuma ƙwararre yana karanta abubuwa da yawa daga wannan bambanci. Kamfanin bai ƙauracewa dijital ba: a 1980 ya fitar da 468 da 7854, masu haɗa dabarun biyu. Sai dai kuɗin shigarsa da masana'antunsa a kan analog suka dogara, kuma 2465 na analog da ya fito a farkon shekarun 1980 ya yi kasuwa sosai. Hewlett-Packard, wanda bai taɓa kamo shi a analog ba, ya karkata ga dijital a tsakiyar shekarun 1980. LeCroy, wanda ya ƙware wajen ƙera wa masu binciken ƙwayar zarra na'urorin kama sigina, ya fito da samfurinsa 9400 mai doguwar ma'adana a daidai wannan lokaci.

Ta ƙasa kuma kamfanonin Japan irin su Hitachi da Iwatsu suna shigo da na'urori masu sauƙin kuɗi, dala tana da ƙarfi, abin da ya tsadanta kayan Amurka a waje. Kamfanin ya mayar da martani da jerin 2200 mai araha a 1981. Sannan ƙwararru suka fara fita. A 1981 ma'aikata uku suka tafi suka kafa Mentor Graphics, mai manhajar zana da'irar lantarki. A 1983 wasu suka kafa Planar Systems, mai allo shafaffe.

Abin da aka gwada bai ci ba: 1984 zuwa 1990

Shugabannin sun karanta lamarin da cewa injiniyan gobe a gaban kwamfuta zai zauna, don haka can ya kamata a tare shi. A 1984 kamfanin ya fitar da manyan kwamfutocin tebur na injiniyoyi, jerin 6000, a kan cip na National Semiconductor. Sai aka tarar kamfanonin Apollo da Sun sun riga sun kafa tuta, kuma ba a jima ba aka rage aikin. A 1985 ya sayi CAE Systems, mai manhajar zanen lantarki, a kan kimanin dala miliyan 75, don ya kara da tsofaffin ma'aikatansa na Mentor Graphics. A 1988 ya sayar wa Mentor ɗin da wannan sashe a kan kimanin dala miliyan 5. A 1989 ya sake gwada kwamfutocin tebur, wannan karo a kan cip 88000 na Motorola. Su ma ba su daɗe ba.

A ciki kuma an rarraba kamfanin zuwa sassa da yawa masu cin gashin kansu, da niyyar kowanne ya yi saurin yanke shawara. Sakamakon da aka gani shi ne maimaita aiki da ƙarin kuɗin gudanarwa, har na'urorin sassa daban-daban suna takara da juna. Jerin 11000 na dijital da ya fito a 1986 yana da ƙarfi, amma ya zo da allon taɓawa da tsarin umarni da waɗanda suka saba da murɗa maɓalli ba su yi maraba da shi ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 ciniki ya tsaya cik tsakanin dala biliyan 1.3 da 1.4. Aka fara sallamar ma'aikata rukuni-rukuni, abin da ba a saba gani ba a wannan gida. Ɗayan ginshiƙin, wanda ya karanta fiziks, ya rasu a 1986. An sauya shugaba a 1987. A shekarar kuɗi ta 1990 asara ta haura dala miliyan 90, hukumar daraktoci ta sake sauya shugabanci.

Rage kaya: 1990 zuwa 1998

A 1990 aka ɗauko shugaba daga waje, daga kamfanin Honeywell. Ya rufe harkar kwamfutocin tebur, ya shiga rabuwa da masana'antun cikin gida. Sashen cip na sinadarin galiyom asenaid ya riga ya zama TriQuint. A 1994 masana'antar allunan da'ira ta zama kamfani mai zaman kansa, Merix, aka kuma sayar wa Maxim masana'antar cip. Kamfanin ya tsaya a kan ƙafa uku: kayan awo, firinta mai launi, da kayan gidajen talabijin.

A ɓangaren awo, jerin TDS da ya fara fitowa a 1991 ya dawo da maɓallan murɗawa da tsarin da hannu ya saba da shi, a kan zuciyar dijital. A 1997 TDS 210 da 220 suka fito da allo shafaffe, suna ɗaukar samfuri biliyan 1 a daƙiƙa, marasa nauyi, a farashin da ya kama daga kusan dala 1,000. Da wannan, ɗan dalilin da ya rage na sayen analog mai araha ya kau. A 1998 kamfanin ya gabatar da abin da ya kira fosfon dijital: cip na musamman yana tara dubban zane a daƙiƙa, ya ƙirga sau nawa sigina ta bi ta kowane ɗigo, ya nuna wannan da bambancin haske. Wato abin da kwalba ke yi da sinadari, yanzu da lissafi ake yinsa.

Firinta mai amfani da daskararren tawada da ake narkarwa, wadda ta fara fita a 1991 daga masana'antar kamfanin da ke Wilsonville a Oregon, ta bunƙasa sosai, har cinikin kamfanin gaba ɗaya ya haura dala biliyan 2 a 1998. Amma kasuwa ce ta manyan 'yan wasa kamar Hewlett-Packard, mai cin kuɗin talla da karya farashi. Sashen talabijin, wanda aka ƙara masa Lightworks a 1995, yana asara. Rikicin tattalin arzikin Asiya ya ƙara dagula lissafi.

Sakamako: 1999 zuwa 2007

A 1999 aka sayar da sashen talabijin na Grass Valley. A farkon 2000 Xerox ya karɓi sashen firinta a kan kimanin dala miliyan 925. Abin da ya rage kamfanin awo ne zalla, mai kusan rabin cinikin da.

Salon ƙira ma ya sauya. Manyan osiloskop na farkon shekarun 2000 a kan manhajar Windows suke gudana, allonsu sayowa ake yi. Cip ɗin da ke karɓar sigina da mayar da ita lamba kuwa a gida ake zana shi, IBM ya ƙera da fasaharsa ta silikon da jamaniyom. Da kasuwar sadarwa ta rushe a 2001, ciniki ya sauko daga kimanin dala biliyan 1.2 zuwa kusan miliyan 800 a 2003, amma kuɗin Xerox na hannu, kamfanin ya jure. Ya sayi kason Sony a haɗin gwiwarsu a 2002, ya sayi Inet Technologies ta Texas a 2004, ciniki ya sake haura biliyan 1 a 2005, da ma'aikata kimanin 4,500. A ƙarshen 2007 Danaher ya saye shi a kan dala biliyan 2.85, dala 38 kowane hannun jari. A 2016 ya koma ƙarƙashin Fortive, wanda aka ɓalle daga Danaher.

Hukunci

Bayanin da aka fi saurin bayarwa shi ne kamfanin ya makara wajen gane dijital. A ganina wannan bai cika daidai ba. Ya fitar da na'urorin dijital tun 1980, kuma ƙorafin injiniyoyinsa a kan na farko-farko gaskiya ne. Inda aka yi kuskure shi ne wajen tantance mene ne ainihin jarinsa. Shekara talatin nasara na fitowa daga masana'antar kwalba, don haka da kwalba ta fara rasa daraja, sai aka ɗauka harkar awo ce gaba ɗaya ta tsufa, aka tafi neman arziki a kwamfuta da manhajar zane, inda kamfanin ba shi da wani fifiko kan Sun ko Mentor. Kuɗi da ƙwararrun da suka ƙone a can tsakanin 1984 da 1990 su ne ya kamata su gaggauta TDS. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Shawarar ƙera komai a gida daidai ce a 1951, domin babu inda za a sayi kwalba mai kyau. A 1985 akwai masu ƙera allo da ma'adana da allunan da'ira da suka fi shi araha, amma masana'antun Beaverton suna nan da dubban ma'aikata da albashinsu, kuma al'adar gidan ta riƙon ma'aikaci ta sa yanke shawarar ya yi nauyi. Ba abin mamaki ba ne da sai baƙo ya zo kafin a iya. Abin da ya ci nasara daga baya bai watsar da tsohuwar ɗabi'a ba, taƙaita ta ya yi: a riƙe zanen ɓangaren da ke taɓa sigina, a sayo saura. TDS da fosfon dijital sun yi kasuwa ne saboda sun fito daga sanin abin da idon injiniya ke nema a allo, kuma wannan sani ba a cikin gilashi yake ba.

Firinta kuwa ba zan sa ta a sahun kurakurai ba. Ta riƙe kamfanin a shekarun 1990 lokacin da awo ke farfaɗowa, kuma an sayar da ita a kan kari, ana saura shekara guda kasuwa ta rushe. Ko hangen nesa ne ko sa'a, wannan ciniki shi ya biya kuɗin tsira na 2001 zuwa 2003.

Akwai tambayar da lissafin riba ba ya amsawa. Daga ma'aikata sama da 24,000 zuwa kimanin 4,500, sannan mallaka ta bar Oregon, da wuya a kira wannan cikakkiyar waraka. Wani ɓangare na guraben bai mutu ba, suna ya sauya: Mentor Graphics, Planar, TriQuint, Merix da masana'antar Xerox ta Wilsonville duk daga wannan gida suka fito, kuma su na daga cikin waɗanda suka mayar da kewayen Portland cibiyar fasahar lantarki. Injiniyoyi sun samu inda za su koma. Masu haɗa kaya da masu aikin kwalba, waɗanda sana'arsu ce ta ƙare gaba ɗaya, ba su samu irin wannan mafita ba.